Kunnen da Anka Ɗaura Mani a Hannu

Ku matso kusa, ku ba ni aron hankalinku, ga ta nan ta taso tana nufo ku. Amma tun ba ta iso ba, duk mai waya ya kai ta zaure ya aje, sannan ya dawo ya zauna. Wadda zan ba ku yau ba tatsuniya ba ce. A kaina ta faru, cikin garin nan na Sakkwato, kuma saura ƙiris ta raba ni da ƙawata ta shekara hamsin da ɗoriya.

Ni dai ban yi boko ba. Allo ma iyakata abin da zan yi salla da shi. Abu guda na iya a duniya, kuma duk unguwarmu an shaide ni da shi: in an ba ni ajiyar magana, to ta faɗa rijiya. Mata sun sha kawo mani zancen aurensu da na cikinsu da na abin da ba a faɗi, har malam mai gidana ya koma ga Allah bai taɓa jin ko ɗaya daga bakina ba. Ban da gona, ban da shanu. Wannan shi ne dukiyata.

Ɗiya maza biyu sunka rayu mani. Autana shina nan gida da matarshi, ita ke dafa mani, ita ke wanke mani. Babban kuwa, ɗan farina, shina aikin gwamnati a Abuja. Ku 'yan yanzu sai na yi maku bayani. A tasowarmu uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta hira da shi, ba ta dubanshi ido cikin ido. Ana yaye shi yayar mahaifinshi ta ɗauke shi, can ya girma. In ya zo gaishe ni sai ya durƙusa bakin ƙofa, ni kuma in dubi bango in ce, "Lafiya lau." Shi ke nan an gama. In shina da magana sai ya faɗa ma surukata ta faɗa mani, ko da muna tsakar gida guda. In na so ambatonshi sai in ce "na Abuja". Ba ƙiyayya ba ce. Kunya ce, haka munka taras, haka munka riƙe.

Wata bazara mai zafin da ƙarfen ƙofa ke ƙona hannu, na duƙa zan ɗebi ruwa a randa, jiri ya kwashe ni. Likita ya ce hawan jini ne. Bayan 'yan makonni sai ga na Abuja ya zo da wani ɗan kwali. Bai miƙo mani ba, surukata ya miƙa ma. Agogo ne baƙi, fuskarshi kamar murfin kwalbar man shafawa, da ɗan maɓalli ja a gefe.

Ya ce, "Ki ce ma Inna wannan shina auna bugun zuciya. In ta ji jiri ta danna jan nan, zan sani. Kada ta cire shi sai za ta yi alwala. Ki kuma ce mata likita ya hana ta yawon rana, ta tsaya cikin unguwa."

Surukata ta maimaita mani duk da na ji. Ta ɗaura mani shi a hannun hagu. Na ce a ce mashi Allah ya yi albarka.

To amma tsayawa cikin unguwa, wannan ban amsa ba. Ina da ƙawa a Kwalkwalawa. Can anka haife mu, tare munka yi tallar fura muna 'yan mata, aure ya kawo ni birni, ita ta zauna can tana noman albasa a fadama, tana sayar da soyayyen kifi ga ɗaliban jami'a. Duk Alhamis nikan tai wurinta da kwanona na dambu, in dawo da shi cike da kifi ko albasa. Kwano tsakanin ƙawaye ba ya komawa gida wayam, ko gishiri ne sai an zuba. Don kada a yi ta kai da kawowa, sai na riƙa cewa a gida, "Zan fita gaisuwa." Ban yi ƙarya ba, gaisuwar nike zuwa. In na fita titi in tsaida mai keke ya kai ni.

Duk Juma'a bayan an sauko masallaci na Abuja kan kira wayar surukata. Wata Juma'a ta leƙo ɗakina ta ce, "Inna, Yaya shina gaishe ki. Ya ce wai hanyar Kwalkwalawa ba inuwa, ki riƙa tafiya da ruwa."

Na dube ta. Yarinya ce mai sanyin hali, amma ruwan da ya yi shiru ba a cika sanin zurfinshi ba. Daga nan na fara lura da ita: yadda take shiga ɗakinta da waya, yadda take rage murya in na gitta.

Na ce bari in ɗana mata tarko irin na tsofaffi. Alhamis ta gaba na faɗa mata da bakina, "Yau Kwalkwalawa za ni, kuma sai la'asar." Na fita, amma ban je ba. Gidan wata ta'aziyya na shiga, lungu na ukku daga namu, na yini can. Na ce a raina, in gobe ya ce Kwalkwalawa, na kama ɓarawona.

Juma'a ta zo. "Inna, Yaya ya ce ya ji daɗi, jiya ba ki yi nisa ba." Ta faɗi haka tana dubana da mamaki, don ita ta ɗauka can na je.

To ba ita ba ce ke nan. Ko kuwa ta fi ni wayo, ta sa wani shina bina? Na koma kan mai keken da ya saba ɗaukata, mutum mai yawan tambaya, kullum sai ya ce, "Hajiya, yaya mutanen Abuja?" Na daina hawa nashi. Na riƙa takawa har babban titi in tsaida wanda bai san ni ba. Rannan ma na sauka kan gada, na tsaya ina duban ruwa da masunta, don wurin nan munka yi wanka muna yara. Ba wanda ya san ni a wurin, sai wani Bafulatani da shanunshi.

Juma'a ta zo. "Inna, Yaya ya ce tsayuwa kan gada cikin rana ba ta da kyau ga mai hawan jini."

Zuciyata ta tafi wurin da ban so ta je ba. Na ce, ko yaron nan ya fara bin 'yan duba? An ce manyan ma'aikata na aje masu bugun ƙasa. Ɗan malam, jikan malam, wanda ubanshi ya kwashe shekaru shina faɗa ma mutane cewa gaibu na Allah ne shi kaɗai! Na yi ta istigfari a madadinshi. Za ku ce, mi ya hana ki tambaye shi? Da wane baki? Uwar da ba ta taɓa ce ma ɗanta "ina kwana" da kanta ba, ita ce za ta ce mashi, wa ke kai maka labarina?

Ana cikin haka, wata Alhamis na isa Kwalkwalawa na taras ƙawata ba ta kafa kaskon kifi ba. Ta ja ni ɗaki, ta kori kazar da ke kwance ƙarƙashin gado.

Na ce, "Ke tsohuwa, mi kazar ta yi maki?"

Ta ce, "Ko ita ban yarda ta ji ba. Bakinta bai da ƙulli."

Ta saki labule. Ta kama hannuna na hagu ta kai ƙarƙashin nononta. Na ji wani ƙullutu mai tauri, ya kai ƙwan zabo. Ba ta saki hannun ba, ta riƙe shi nan bisa ƙirjinta, ta sunkuyo tana raɗa.

"Wata huɗu ke nan. Ban faɗa ma kowa ba."

Na ce, "Inna lillahi! Tashi mu tai asibiti yanzu."

"Zauna. Autata na da tsohon ciki, kin sani. Sau biyu tana ɓari, wanga ne ya tsaya. Kin san zuciyarta, in na yi tari sai ta kwana kuka. Saura wata biyu ta sauka. Bari a yi suna, ni da ƙafata zan kira ɗana na Gusau in faɗa mashi. Kafin nan, ni da ke da Allah."

Na yi mata faɗa, na yi lallashi, ta ƙi. Daga ƙarshe ta ce, "Amana na ba ki. Kin ɗauka ko in nemi wata?"

Na ce, "Na ɗauka."

Kwana huɗu tsakani, wata mai kawo kifi birni daga ƙauyensu ta yi sallama gidanmu. Ta miƙo mani ƙullin tsumma. Na kwance, sai ga kwanona da na baro can. An wanke shi tas, an goge, babu ko ƙwayar gishiri.

Matar ta ce, "Ta ce a ce maki ɗanki na Abuja ya kyauta." Sannan ta ba ni sauran labari. Na Abuja ne ya kira ɗan ƙawata na Gusau ya faɗa mashi komai. Shi kuma ya taso da mota, ya shiga gida shina kuka shina faɗi da ƙarfi, mai tsohon ciki ta ji ta yanke jiki ta faɗi. An kwashi uwa da ɗiya zuwa babban asibiti.

Ko mayafin kirki ban tsaya nema ba. Na sami ƙawata kwance a asibiti, na yi sallama. Ta amsa, don sallama ta Allah ce, amma ta juya fuska bango.

Ta ce, "Shekara hamsin ina zuba ruwa a tulu, ashe gindinshi a huje yake."

Na ce, "Wallahi, tallahi, maganar nan ba ta fita bakina ba."

"To bakin wa? Kaza na kora, ke na bari. In wani abu ya sami cikin yarinyar nan, ke da Allah. Tashi ki ba ni wuri."

Tun da nike ba a taɓa ce mani maciyar amana ba. Na fito na kama hanya. Kafin in kai gida, duk zargin da na sauke daga kan surukata ya dawo ya hau kanta, har da ƙari. Na same ta tana tankaɗe.

Na ce, "Aje rariyar nan. Wa kika sa shina bina?"

"Inna, bin ki kuma?"

"Kada ki maida ni ƙaramar yarinya. Gidan nan mu nawa ne? Mijinki tun safe shina wurin aiki. Ke ce mai waya, ke ce mai magana da Abuja. Mi ya ba ki? Atamfa?"

Ta durƙusa, hannunta duk gari, hawaye na zuba. "Inna, ko zancen mi ne ban sani ba. A kawo Alƙur'ani in dafa."

Gaskiyarta, ban taɓa faɗa mata ba. Amma mai zargi ba ya jin gaskiya. Kwana ukku ban ci tuwonta ba, fura nike aikawa a sayo mani. Na zargi maƙwabta. Na zargi kaina, na ce ko cikin barcin rana nike sambatu. Na riƙa duba bayan ƙofa kafin in yi ko da addu'a da ƙarfi. Da can mai laɓe shina da ƙafa, kana jin takunshi bayan zana, wani lokaci ma tari ya tona shi. Wanga kuwa ba taku, ba inuwa.

Rana ta huɗu da hantsi ta zo ta durƙusa bakin ƙofata.

"Inna, ki yi haƙuri in faɗi wani abu, ko za ki kore ni bayan nan. Agogon nan, in na sa shi caji, wani lokaci fuskarshi kan yi haske shi kaɗai, ba wanda ya taɓa shi. Can kuma ya mutu. Na sha gani, ban kawo komai ba sai yanzu."

Na ce, "Yanzu kuma agogo za ki ɗora ma laifi? Agogo mi ya sani ban da lokaci?"

"Mu dai kai shi a duba. In ba komai, na yarda ni ce."

Don wagga kalma ta ƙarshe na tashi. Munka tai Sabon Gari, wurin wani mai gyaran waya da ta sani, magidanci ne Bayarabe, haifaffen nan, Sakkwatancinshi ya fi na wasu 'yan birni. Rumfarshi cike da wayoyi an farke cikinsu kamar kifin da za a soya. Ya karɓi agogon, ya juya shi, ya yi dariya.

"Hajiya, wa ya ɗaura maki ɗan sanda a hannu? Mi kika sata?"

Na ce, "Ɗan nan, ban zo wasa ba."

Ya ga fuskata, ya daina dariya. Ya jawo mani benci. Ya ce, "Wanga ba agogo ba ne kawai. Cikinshi akwai layi irin na waya. Akwai abin da ke gane inda kike duk faɗin ƙasar nan, akwai mai ƙidaya takunki, akwai mai jin bugun zuciyarki. Kuma akwai kunne. Duk abin da ya tara, turawa yake can rumbun waɗanda sunka ƙera shi, ƙasar da ni ma ban san ta ba. Mai mabuɗi sai ya buɗe ya gani."

"Wa ke da mabuɗin?"

"Bari mu gani ko an ma kulle."

Ya karanta wata lamba a bayan agogon ya rubuta cikin wayarshi. Sannan ya danna wasu lambobi shina faɗi da ƙarfi: ɗaya, biyu, ukku, huɗu, biyar, shida. Ya girgiza kai. "Kin gani? Mabuɗin da ya fito da shi daga kamfani ne, ba a sake shi ba. Kamar a sayo kwaɗo a kasuwa, irin wanda kowane makulli ke buɗewa."

Ya juyo mani da wayar. Ban iya karatu ba, amma na san garinmu. Ga wani jan zare ya fito daga lungunmu, ya bi titi, ya haye gada, ya shige Kwalkwalawa. Ya matsa, ga na wata Alhamis. Ya matsa, ga wata. Ga ɗigo a kan gada inda na tsaya duban ruwa. Ga gidan ta'aziyya. Ƙafata duk inda ta taka an zana ta, kamar sawun akuya bayan ruwan sama.

Na ce, "Kunnen fa?"

Ya ɗaura ma surukata agogon ya ce ta haye titi, ta tsaya gaban masu sayar da bokitai, ta kai hannu kusa da baki ta yi raɗa. Ta tafi. Ina hangen ta, agogon bai yi ƙara ba, bai yi komai ba. Ya danna wani abu ya kara mani wayarshi a kunne. Na ji ƙugin babura. Na ji mai bokiti shina ciniki. Sannan na ji muryarta, ƙasa ƙasa, kamar tana cikin kunnena:

"Inna, wallahi ban taɓa kai zancenki ko'ina ba."

Nan take na ga ɗakin ƙawata, da labulen da ta saki, da hannuna na hagu da ta riƙe bisa ƙirjinta tana raɗa a kanshi.

Da surukata ta dawo, mai gyaran ya ce, "Akwai saura, Hajiya. Ban da tawa, wayoyi ukku ke haɗe da abin nan." Ya nuna mata. Ta duba ta ce ta farko lambar Yaya ce, ta biyu ta matarshi. Ta ukkun ta daɗe tana dubawa, ta ce ba ta san ta ba.

Na ce, "To wane ne?"

"Allah kaɗai ya sani. Ko wanda ya sayar da shi, ko wani can da ke zaune shina gwada lambobi har ya faɗo kan taki. Ɓarawo ai ba sai ya san mai gida ba."

"Mi zai yi da tsohuwa irina?"

"Ya san ranar da ba kya gida. Ya san sa'ar da gidan ba namiji. Ya san muryarki da ta mutanenki, da abin da kuke faɗi. Akwai masu kiran ɗan mutum su ce uwarka na hannunmu, su faɗa mashi inda ta taka da safe don ya gaskata. Ban ce shi ne nufinshi ba. Na dai ce ƙofa a buɗe take."

Ya zare ɗan layin daga cikin agogon, abu kamar farcen jariri, ya sa mani a tafin hannu. Na ƙulle shi a bakin zanena. Cikin keke muna komawa na kama hannun surukata na ce, "Ɗiyata, na zalunce ki. Ki yafe mani tun muna duniya." Ta ce, "Haba Inna," ta rufe fuska da mayafi.

Muna shiga gida na ce, "Kira mani na Abuja."

Ta kira. Ta buɗe baki za ta fara isar da saƙo yadda anka saba, na miƙa hannu. "Ba ni nan."

Ta tsaya tana dubana. Na karɓa na kara a kunne. Ya ɗauka surukata ce, shina cewa, "Amarya, lafiya?" Sai na kira sunanshi. Sunan da anka raɗa mashi ranar suna, wanda bai taɓa hawa harshena ba. Ya fito mani da nauyi kamar na ɗauki turmi.

Can ya ce, "Inna? Inna, ke ce?"

"Awo, ni ce. Tambaya guda zan yi maka. Abin da ka ɗaura mani a hannu, kana saurarena da shi?"

Ya ce, "Ina saurare."

"Tun yaushe?"

"Da farko in na ga bugun zuciyarki ya hau ne, sai in buɗe in ji ko kin faɗi. Wata Alhamis na buɗe, sai na ji kina dariya, ke da ƙawarki, kuna zancen wani mai kwalekwale da ya so aurenki. Inna, na haura arba'in ban taɓa jin dariyarki kusa ba. Ban san kina ba da labari haka ba. Sai ya zama duk Alhamis in rufe ƙofar ofis in zauna in ji."

Maganar ta soke ni inda ban zata ba. Amma ban bari ta kauda ni daga abin da na kira shi don shi ba.

Na ce, "Na ji. Wannan tsakanina da kai ne, kuma wataƙila akwai nawa laifin. Amma abin da ka yi shina da suna, laɓe sunanshi. Ubanka ya koya maka shiga ɗakin mutane ba sallama? Ɗakin ma ba nawa ba, na matar da ta kori kaza don kada ta ji."

"Inna, da ban faɗa ba, ciwon nan zai ci ta. Wata biyu ba wasa ba ne."

"Rai na Allah ne. Amanar kuwa tawa ce, ka sa hannu cikin zanena ka ɗauke ta ban sani ba. Da ka ji, mi ya hana ka zo gare ni?"

"Ta yaya zan fara, Inna? Ba mu magana."

Na bar wannan maganar nan. Sannan na tambaye shi lamba ta ukku. Ya ce wace lamba ta ukku? Da surukata ta karɓa ta karanta mashi lambar da ta kwafo wurin mai gyara, na ji muryarshi ta sake. Bai san ta ba. Shi da ya ɗauka shi kaɗai ke bayan zana, ashe akwai wani tsaye kusa da shi.

Na ce, "Ka taso. Da bakinka za ka faɗa mata."

Ranar Asabar ya iso. Munka tai asibiti tare, shi gaba ni baya cikin mota. Ya cire takalmi bakin ɗakin, ya durƙusa gaban gadonta da manyan kayanshi, ya faɗi komai, bai rage ba. Ta saurara fuskarta na bango. Da ya gama ta juyo ta ce, "Ina abin?"

Na fiddo shi daga jaka. Ta kama igiyar da yatsa biyu kamar mai ɗaga matacciyar kunama.

"Wanga ɗan abin? Shi ke da kunne?" Ta kai shi bakinta ta ɗaga murya. "To ku masu saurare, kun dai ji, nonon tsohuwa ne. Sai ku zuba ruwa ƙasa ku sha!"

Matar gadon kusa ta fashe da dariya. Na ce an cire layin, ba mai ji yanzu. Ta ce, "Haka anka ce maki. Da ma an ce maki bugun zuciya kawai yake aunawa."

Ta dubi na Abuja ta ce, "Tashi, ɗan nan. Na goya ka kana jariri lokacin da uwarka ke kunyar taɓa ka. Ban san ko gode maka zan yi ko zagi ba, sai na ga yadda yarinyata ta sauka." Sannan ta dube ni.

"Bakinki na wanke shi. Ba ki faɗa ba, na yarda. Amma hannunki ya shigo da shi ɗakina, ni kuma na jawo hannun da kaina na kai bakina. Zauna nan, kin tsaya mani a kai kamar mai jiran gawa."

Na zauna bakin gadon. Ta matsa mani.

To ga yadda kowa ya ƙare. Autar ƙawata ta haihu kafin lokaci, ɗiya mace, 'yar mitsitsiya, amma ta rayu, yanzu har tana tafiya. Ƙawata an yi mata aiki an cire nonon, ta sha wuya, ta koma Kwalkwalawa, albasa ce dai ta bar ma ɗiyanta. Ina zuwa duk Alhamis, kuma yanzu a gida nike faɗin inda za ni. Sai dai in na yi sallama takan ce, "Nuna hannu," in ɗaga mata hannuwa biyu kafin in shiga. Muna dariya, muna zancen ruwa da tsadar kifi. Amma irin maganar da ake sakin labule dominta, ba ta ƙara yi mani ba. Rannan ta fara, sai idonta ya faɗa kan jakata, ta ce ta manta abin da za ta ce.

Surukata na nan, makullin ɗakina a hannunta yake. Mai gyara na nan rumfarshi, shi na maida ma agogon ya farfasa shi da guduma a gabana, kuma matan unguwarmu da yawa sun kai mashi abin da ɗiyansu sunka aiko masu ya duba. Matar na Abuja ta ce ita ko sau ɗaya ba ta taɓa buɗewa ba, na karɓa a yadda ta faɗa. Shi kuwa duk Juma'a shina kira, ni ke karɓa da kaina. Hirar ba ta tsawo, ba mu iya ba tukuna, wani lokaci mu yi shiru kowa na jin numfashin ɗan uwanshi. Sunan nashi ban sake kamawa ba.

Mai lamba ta ukku, an kira ta ba ta shiga, an bincika ba a gano kowa ba. Ban san ko namiji ne ko mace ba, ban san ko cikin garin nan yake ko bayan teku ba. Ya san hanyar gidana, ya san muryata, wataƙila ya san ciwon ƙawata tun kafin ɗiyanta su sani. Shina can inda yake, bai taɓa zuwa ba, bai kuma ce ya fasa ba.